Daɗin baki a kan mumbari: abin da ya gunduri matasan Kenya

Kenya ƙasa ce da ba a buɗe taro sai da addu'a. A ƙidayar 2019, kimanin kashi 85 cikin ɗari na mutanenta suka ce su Kiristoci ne, Musulmi kuma wajen kashi 11. Shi ya sa abin da ya faru a watan Yunin 2024 ya ɗaure wa mutane da yawa kai. Matasan da suka cika titunan Nairobi suna zanga-zangar ƙin sabon haraji, bayan majalisa da fadar shugaban ƙasa, sai suka juya kan coci. Suka nemo lambobin fastoci da bishop-bishop suna aika musu saƙo, cewa duk majami'ar da ta sake miƙa wa ɗan siyasa makirufo ranar Lahadi, to ta shirya ganinsu. Har wani taron neman gudummawa da aka shirya matar shugaban ƙasa, Rachel Ruto, za ta jagoranta a wani coci da ke unguwar Lavington sai da aka soke shi. Galibin waɗannan yara a coci suka tashi, sun yi makarantar Lahadi, sun rera waƙa a ƙungiyar mawaƙa, kuma har gobe suna zuwa sujada. Wata irin magana ce ta ishe su.

Maganar nan kowa ya san ta, ko bai taɓa taka Kenya ba. An kashe mutane, sai shugaban addini ya fito cikin doguwar riga ya ce yana kira ga dukkan ɓangarori su kai zuciya nesa, a rungumi zaman lafiya, a zauna a tattauna, a ci gaba da yi wa ƙasa da shugabanninta addu'a, domin Allah yana kan kursiyinsa. Babu kalma ɗaya a ciki da za ka ce ƙarya ce. Aibinta shi ne babu sunan kowa a cikinta. Ba a faɗi wanda ya yi harbi ba, ba a faɗi wanda ya ba da umarni ba. "Dukkan ɓangarori" ta haɗa ɗan sanda mai bindiga da yarinya mai gorar ruwa da tutar ƙasa, ta raba musu alhaki daidai wa daida. Takardar da aka karanta bayan ambaliya za a iya sake karanta ta bayan maguɗin zaɓe ko bayan kisan gilla ba tare da an canja ko waƙafi ba.

Abin da ya tayar da ƙurar shi ne ƙudirin dokar kuɗi na 2024. Gwamnatin William Ruto, wadda bashi ya yi wa katutu, ta so sa harajin kashi 16 a kan burodi, da harajin shekara-shekara a kan motoci, da wani sabon haraji da zai taɓa har audugar mata da kunzugun jarirai. An fara fitowa titi ranar 18 ga Yuni. Gwamnati ta cire wasu daga cikin harajin, amma ƙura ba ta lafa ba. Ranar 25 ga wata 'yan majalisa 195 suka amince da ƙudirin, 106 suka ƙi, kuma a ranar ce matasa suka kutsa harabar majalisa, 'yan sanda suka buɗe wuta. Washegari Ruto ya ce ba zai sa hannu ba. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta ƙirga gawa 39 zuwa farkon Yuli, daga baya adadin ya kai 60.

A wannan rana ta 25 aka auna wuraren ibada da ma'aunin da ba ya buƙatar wa'azi, wato ƙofa. Masallacin Jamia da ke tsakiyar birni ya ba likitocin sa-kai wuri suna ɗaure raunuka. Babbar majami'ar Angilikan ta All Saints ta ɓoye ɗimbin masu gudun hayaƙi mai sa hawaye. Ita kuwa babbar majami'ar Katolika ta Holy Family, an zarge ta da rufe ƙofa, ta fito ta kare kanta, amma zargin ya riga ya zagaye wayoyin mutane. Da aka ga hotunan tawagogin malaman coci suna shiga fadar shugaban ƙasa a kwanakin da suka biyo baya, suna fitowa da kiran a tattauna, sai tura ta kai bango.

Akwai abin lura a sunan da matasan suka laƙaba wa Ruto: Zakayo, mai karɓar harajin nan na Yariko da labarinsa ke babi na 19 na Linjilar Luka. Gajeren mutum ne, ya hau bishiya don ya hango Yesu, aka ce masa ya sauko. Da ya sauko ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya zalunta kuma ya mayar masa ninki huɗu. Masu zanga-zanga suna ta kiran "Zakayo, sauko", kuma sun san ƙarshen labarin sarai. Wato nassin da ya kamata a ji daga kan mumbari, a titi aka ji shi, daga bakin 'yan shekara ashirin.

Ba a gane zafin wannan takaici sai an san abin da cocin Kenya ya taɓa zama. A zamanin Daniel arap Moi, wanda ya mulki ƙasar daga 1978 zuwa 2002, an mayar da Kenya ƙasar jam'iyya ɗaya a 1982. Jaridu suna tsoro, majalisa ta zama 'yar amshin shata, lauyoyi da malaman jami'a suna shiga kurkuku. Mumbari ne kaɗai ya rage inda za a faɗi magana a gaban jama'a. Da jam'iyyar KANU ta kawo tsarin zaɓe na bin layi a bayan hoton ɗan takara a 1986, majalisar majami'un ƙasar, NCCK, ta ce ba ta yarda ba. Mujallarta ta tona maguɗin zaɓen 1988, aka haramta ta, aka ɗaure editanta. Ranar 1 ga Janairun 1990, Rabaran Timothy Njoya ya tsaya a wa'azin sabuwar shekara a Nairobi ya ce lokacin jam'iyya ɗaya ya wuce. Bishop Henry Okullu ya mara masa baya.

Sai Bishop Alexander Muge na Eldoret. Ministan ƙwadago na lokacin, Peter Okondo, ya gargaɗe shi a bainar jama'a cewa in ya taka Busia ba lallai ya fita da rai ba. Muge ya tafi Busia. A hanyarsa ta komawa, ranar 14 ga Agustan 1990, wata babbar mota ta yi karo da motarsa, ya mutu nan take. Okondo ya ajiye muƙami. A ƙarshen 1991 aka soke dokar jam'iyya ɗaya. Ranar 7 ga Yulin 1997 'yan sanda suka shiga har cikin All Saints da kulake da barkonon tsohuwa, suka yi wa Njoya dukan kawo wuƙa. A watan Agustan 2000 aka tsinci gawar Fada John Kaiser, limamin Katolika ɗan Amurka da ya ba da shaida kan rikicin ƙabilanci, da harbi a kai kusa da Naivasha. Bayan shekara bakwai kotun bincike ta ce kashe shi aka yi.

Waɗannan mutane ba su kasa kowa iya sarrafa harshe ba. Wa'azin Bishop David Gitari cike yake da ayoyi da misalai, kamar na kowane mai wa'azi. Bambancin shi ne in ya ɗauko labarin garkar inabin Nabot, wadda sarki Ahab ya ƙwace, kowa a cikin majami'ar ya san wane fili ake nufi a yankinsa na Kirinyaga, kuma ya san su wa suka yi rub-da-ciki a kai. Ayar tana sauka a kan wani. Shi ya sa 'yan daba suka far wa gidansa cikin dare a 1989. A ganina nan ne bakin zaren. Mutane ba sa ƙin ado a magana, Afirka kuwa ma ana son mai wa'azin da ya iya baki. Abin da ke gundurar su shi ne adon da aka yi don a lulluɓe wurin da suna ya kamata ya fito.

Kada a ɗauka dukan cocin ne ya tsaya a lokacin. Moi kansa mai zuwa coci ne ba fashi, ɗan ɗarikar Africa Inland Church (AIC), kuma duk Lahadi gidan talabijin na gwamnati sai ya nuno shi riƙe da littafin waƙa. Akwai majami'u da yawa da suka zaɓi wa'azin biyayya ga masu mulki, suna kafa hujja da babi na 13 na wasiƙar Romawa, suka samu filaye da kujerun gaba a bukukuwan ƙasa. Saboda haka salon nan biyu sun daɗe suna tafiya tare. Abin da ya sauya bayan 2002 shi ne na biyun ya rinjayi na farko.

An fara ganin haka ƙarara a zaɓen 2007. Malaman coci da dama suka bi layin ƙabilunsu, kowa yana shafa wa ɗan takararsa mai yana cewa shi ne zaɓin Allah. Da rikici ya ɓarke, sama da mutum 1,100 suka mutu, kimanin 600,000 suka rasa matsuguni. Ranar 1 ga Janairun 2008 aka cinna wa wani coci wuta a Kiambaa, kusa da Eldoret, da mutane a ciki, wajen 30 suka ƙone, da yawansu mata da yara. Ba a samu muryar cocin da ɓangarorin biyu za su saurara ba, sai Kofi Annan ne ya zo ya sasanta. NCCK da kanta ta fito ta nemi gafara kan ɗaukar ɓangare. A 2010 manyan majami'u suka yi yaƙi da sabon tsarin mulki saboda batun kotunan alƙalan Musulunci da na zubar da ciki, kuma ɗan siyasar da ya ja ragamar masu cewa a'a a ƙuri'ar raba gardama shi ne Ruto. Da aka kaɗa ƙuri'ar ranar Laraba, kimanin kashi 67 na masu zaɓe suka ce e. Mabiya sun nuna za su iya jin wa'azi ranar Lahadi su yi akasinsa ranar Laraba.

Sai kuma zamanin tarukan addu'a. Da kotun hukunta manyan laifuka ta duniya ta tuhumi Uhuru Kenyatta da Ruto kan rikicin 2007, suka zagaye ƙasa suna durƙusawa a filayen wasa, fastoci suna ɗora musu hannu. Sunansa taron addu'a, amma duk wanda ya je ya san yaƙin neman zaɓe ne, kuma ya kai su ga nasara a 2013. An janye tuhumar Kenyatta a 2014, shari'ar Ruto ta rushe a 2016, babu wanda aka samu da laifi. Sai dai waɗanda aka kashe wa 'yan uwa a Kiambaa sun ga inda yawancin hannuwan addu'a suka sauka.

Akwai kuma kuɗi, wanda shi ne gishirin maganar. Tun 1963 Jomo Kenyatta ya mayar da harambee taken ƙasa, kalmar tana jikin tambarin Kenya har yau. Gidauniya ce ta jama'a: a haɗa kuɗi a gina aji, a gina asibiti, a tura yaro karatu. Da ita aka gina makarantu masu yawa. Amma a hankali ta koma kasuwa. Coci na son rufin kwano ko gidan fasto ko motar bas, sai a gayyaci babban baƙo. Bayan baiko, a ba shi makirufo ya "gai da jama'a". Ya yi rabin sa'a yana zagin abokan hamayya, sa'an nan ya sanar da nasa miliyan kaza, da na "abokina shugaban ƙasa" miliyan kaza, a miƙa kuɗin tsaba a gaban kyamara, a yi guɗa. Fasto ya yi masa addu'a mai tsawo. Babu mai tambayar daga ina kuɗin suka fito. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Faston da aka rufa wa gini a watan Maris, in aka harbe yaran unguwarsa a watan Yuni, me zai ce? Ba zai iya yin shiru ba, domin mabiya na kallonsa. Ba zai iya kiran suna ba, domin mai sunan ne ya saya masa kwano. Abin da ya rage masa shi ne doguwar magana mai daɗi, wadda ba ta taɓa kowa. Mai karatu a Jos ko Kaduna, Kirista ne ko Musulmi, ba sai an yi masa dogon bayani kan sahun gaba da ake keɓe wa masu mulki a wurin ibada ba.

Ruto ya ƙware a wannan fage fiye da kowa. Tun yana mataimakin shugaban ƙasa yake yawon coci-coci da gudummawa, masu suka na cewa wanke kuɗin haram ne, shi kuma yana cewa jari yake zubawa a sama. Ya gina ɗakin sujada a gidansa na gwamnati da ke Karen. Da kotun ƙoli ta tabbatar masa da nasarar 2022, durƙusawa ya yi ya yi addu'a, kuma makonni kaɗan bayan rantsuwa aka cika fadar shugaban ƙasa da fastoci don sujadar godiya. Ranar 14 ga Fabrairun 2023 ya jagoranci addu'ar roƙon ruwa ta ƙasa a filin wasa na Nyayo, lokacin da fari ya addabi yankin. Bayan shekara ɗaya, a wannan fili dai, matarsa ta karɓi baƙuncin mai wa'azin nan na Amurka, Benny Hinn. A tsakanin waɗannan biyu ne aka fara tono gawarwaki a dajin Shakahola da ke gundumar Kilifi, inda mabiyan wani fasto, Paul Mackenzie, suka yi azumi har mutuwa don su sadu da Yesu. An tono sama da 400. Matashin da ya ga wannan duka a cikin wata goma sha takwas, farashin garin masara na hawa, aiki babu, ba abin mamaki ba ne in kunnensa ya toshe da jin cewa bana shekarar buɗi ce.

Matsin ya yi tasiri, ko da ba duka ba. A farkon Yulin 2024 Ruto ya sanar da hana jami'an gwamnati shiga harambee. Ranar 14 ga Nuwamba bishop-bishop na Katolika suka fitar da sanarwar da ta sha bamban da waɗanda aka saba ji. Sun zargi gwamnati da al'adar ƙarya, sun ambaci sace mutane da kashe-kashe, da harajin da ya wuce kima, da bashin da asusun inshorar lafiya ya ƙi biyan asibitocin mishan. Bayan kwana uku Ruto ya je sujada a cocin Katolika na Soweto, a gabashin Nairobi. Ya ba da shilin 600,000 ga mawaƙa da wata ƙungiyar cocin, da miliyan 2 don ginin gidan limamai, ya yi alkawarin ƙarin miliyan 3 da motar bas. Gwamnan Nairobi, Johnson Sakaja, ya ƙara 200,000. Washegari Babban Bishop na Katolika a Nairobi, Philip Anyolo, ya ce a mayar musu da kuɗinsu, bas ɗin ma ba a so. Gajeriyar takarda ce, kuma ta fi wa'azin shekara guda yawo a wayoyin matasa.

Tsugune ba ta ƙare ba. A watan Maris na 2025 Ruto ya yi wa cocin Jesus Winner Ministry da ke Roysambu alkawarin shilin miliyan 20. Albashin shugaban Kenya bai kai miliyan ɗaya da rabi a wata ba, wato kyautar ta haura albashin shekara. Magoya bayansa na cewa attajiri ne tun da, yana da otal da gonaki. Lahadin da ta biyo baya matasa suka nufi cocin, 'yan sanda suka tarbe su da hayaƙi mai sa hawaye, aka kama gommai. A cikin watan ne Babban Bishop na Angilikan, Jackson Ole Sapit, ya hana 'yan siyasa magana a cikin majami'unsa, ya kuma hana sanar da adadin abin da kowa ya bayar. Ya taɓa kafa irin wannan doka a 2021, kuma sake kafa ta ya nuna yadda ta farkon ta ƙare. A watan Yuli aka bankaɗo cewa ana gina katafaren coci a cikin fadar shugaban ƙasa, wanda jaridu suka ce zai ci shilin biliyan 1.2. Ruto ya ce da kuɗinsa yake yi, kuma ba zai ba kowa haƙuri ba. A cikin watan ne kuma ya ce masu ƙona dukiyar mutane a zanga-zanga a harbe su a ƙafa.

Ya kamata a yi wa masu kiran zaman lafiya adalci. Wanda ya binne mutane a 2008 yana da dalilin tsoron kalma mai zafi. Malamin da ke son shiga tsakani dole ya bar ƙofar fada a buɗe, kuma akwai ran da aka ceta a ɗakin da ba kyamara. Addu'a ga mai bi ba wasa ba ce, kuma nassi ya umarci a yi wa masu mulki. Amma littafin da ya faɗi haka shi ne ya kawo kukan annabi Irmiya kan malaman da ke cewa lafiya, lafiya, alhali babu lafiya, shi ne kuma ya kawo tambayar Yakubu kan amfanin ce wa mayunwaci ya tafi ya ƙoshi ba tare da an ba shi komai ba. Matasan Kenya ba su ce a daina addu'a ba. Tambayarsu ita ce me ya sa addu'ar mai mulki take zuwa da sunansa da muƙaminsa, ta wanda aka harbe kuwa sai a ce "waɗanda suka rasa rayukansu", kamar sun yar da su ne a kasuwa.

Wurin da nake ganin maganar ta fi wuya shi ne ba kowane coci ne zai iya abin da Anyolo ya yi ba. Katolika da Angilikan suna da makarantu da asibitoci da filaye, suna da tsarin da bishop zai yi magana ɗaruruwan limamai su bi, kuma albashin limami bai dogara da baƙon Lahadi ba. Kenya kuwa cike take da dubban ƙananan majami'u masu zaman kansu, inda fasto shi ne ya kafa, shi ne ma'aji, shi ne mai biyan hayar rumfar kwano, mabiyansa kuma masu sayar da kayan miya ne da 'yan acaɓa. Babu wani na sama da zai hana shi karɓa, babu kuma wanda zai cike masa gurbin in ya ƙi. Yunƙurin sa wa majami'u doka ya sha cin tura: gwamnatin Uhuru Kenyatta ta fito da ƙa'idoji a 2016, malaman coci suka yi ca, aka janye. Manyan ɗarikoki sun rufe mumbarinsu, sai 'yan siyasa suka karkata zuwa waɗannan ƙananan, inda har yanzu ake miƙa makirufo bayan baiko. A majami'un Angilikan kuwa, sai su jira a tashi daga sujada, su hau kan mota a bakin ƙofa su yi jawabinsu ga mutanen da ke fitowa. Zaɓe na gaba a watan Agustan 2027 ne, kuma an riga an fara zagayen.